Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awa Biyar

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400. In ya bi kai tsaye, jirgi kan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Maniyyacin da ya tashi da hantsi zai iya sallar isha'i a ƙasa mai tsarki, duk da agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu.

A zamanin kakanni kuwa, wanda ya ɗaura niyyar hajji sai ya biya basussukansa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin ba kowa ke dawowa ba. Ayari kan bi ta Borno da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, ya ratsa Abeche da El Fasher da El Obeid har bakin Nilu, daga nan a nufi Suwakin a shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya. A ƙafa ake tafiya, ko a kan jaki da raƙumi. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙwadago, sau da yawa a gonakin audugar Jazira, a tara na ci gaba. Haka shekaru ke shuɗewa, har a haifi 'ya'ya a hanya su girma. Da yawa sun zauna ke nan, kuma zuriyarsu na cikin Hausawan Sudan na yau. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu mabiya Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne suka kafa shi, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Masu hali sun sami wata hanya. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi ta teku, ya biya ta Ingila kafin ya isa Jidda.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, lokacin da jiragen sojan Birtaniya uku suka zo daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, kuma abin sha'awa, zangon ayari ya riƙa bi: El Obeid, El Fasher, Geneina, Fort Lamy, Maiduguri. Daga bisani attajiran Kano irin su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya zauna wa wurin 'yan canji na Fagge.

Saurin bai zo kyauta ba. Ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A Yulin 1991 wani ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Jidda zuwa Sakkwato, da mutum 261. Allah ya jiƙansu.

Har gobe Sudan ce ke shimfiɗe ƙarƙashin wannan hanya. Da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kamfanonin jiragen kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera.