Leslie Lamport: Rubuce-rubucensa da tasirinsu a fannin kwamfuta

Leslie Lamport masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ake sanya shi a sahun gaba na mutanen da suka aza harsashin ilmin haɗa kwamfutoci masu yawa su yi aiki tare.

Shi ne aka bai wa lambar yabo ta Turing ta shekarar 2013, wadda ake ɗauka a matsayin lambar girmamawa mafi daraja a wannan fanni.

Wasu daga cikin maƙalolinsa suna cikin waɗanda aka fi kafa hujja da su a tarihin ilmin kwamfuta. Sai dai kuma tarihin waɗannan maƙaloli ya nuna cewa ƙidayar yawan ambato, wadda jami'o'i ke auna darajar masu bincike da ita, ba ta bayyana komai game da tasirin aikin masani.

Takaitaccen tarihinsa

An haifi Lamport a birnin New York a shekara ta 1941. Ya sami digirinsa na farko a fannin lissafi daga cibiyar fasaha ta MIT a 1960, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Brandeis a 1972, shi ma a lissafi.

Akasarin rayuwarsa ta aiki a ɗakunan bincike na kamfanoni ya yi ta. Ya yi aiki a Massachusetts Computer Associates daga 1970 zuwa 1977, ya koma cibiyar SRI International har zuwa 1985, daga nan kuma ya shiga kamfanin Digital Equipment, wanda Compaq ya saye daga baya.

A 2001 ya koma sashen bincike na Microsoft, inda ya zauna har ya yi ritaya a farkon shekara ta 2025.

Matsalar da fannin ke fama da ita

Fannin da Lamport ya shahara a cikinsa yana da rassa biyu masu kusanci da juna. Na farko ya shafi yadda ake raba aiki guda ga ƙwaƙwalen na'ura da yawa su yi shi a lokaci ɗaya. Na biyu kuwa ya shafi kwamfutoci da ke wurare daban-daban, waɗanda ba su da hanyar tuntuɓar juna sai ta aika saƙo.

Idan mutum ya ciri kuɗi daga na'urar banki a wani gari, a daidai lokacin da ake tura kuɗi cikin asusunsa daga wani garin, wajibi ne kwamfutocin bankin su yi ittifaƙi a kan abin da ya riga wani faruwa. Ga shi kuma saƙo yana iya makara a hanya, agogon kowace na'ura yana iya saɓa wa na 'yar'uwarta, wata na'urar ma tana iya mutuwa ana tsakiyar aiki.

Yadda za a sami sakamako ɗaya ingantacce duk da waɗannan matsaloli shi ne jigon yawancin abin da Lamport ya rubuta.

Maƙalar lokaci da agogo

A watan Yulin 1978 mujallar Communications of the ACM ta buga wata maƙalarsa mai shafi takwas a kan lokaci, da agogo, da jeranta aukuwar abubuwa a tsakanin kwamfutocin da ke warwatse.

Lamport ya nuna cewa ba lallai ne na'urorin su san ainihin ƙarfe nawa ba. Abin da suke buƙata shi ne sanin wane abu ne ya gabaci wane.

Dabarar da ya kawo mai sauƙi ce. Kowace na'ura tana riƙe da lambar ƙidaya, tana ƙara mata ɗaya duk lokacin da wani abu ya faru. Idan za ta aika saƙo sai ta maƙala masa lambar. Wadda ta karɓi saƙon kuma sai ta ɗaga tata lambar ta zarce wadda ta zo mata. Ta haka ba za a taɓa lissafa isowar saƙo kafin tashinsa ba.

Ya bayyana cewa fahimtarsa ta nazariyyar Einstein game da lokaci ce ta taimaka masa ya hango wannan mafita.

A ƙidayar Google Scholar, an ambaci wannan maƙala a cikin wasu rubuce-rubucen ilmi fiye da sau 10,000. A shekara ta 2000 ta zama ta farko da ta sami lambar yabon da daga baya aka sanya wa sunan Edsger Dijkstra, wadda ake bai wa maƙalar da ta kai shekara goma da bugawa kuma tasirinta ya tabbata.

Janar-janar na Bizantiya

Lokacin da yake SRI, Lamport ya shiga wani aiki na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na ƙera kwamfutar da za ta sarrafa jirgin sama ko da wani sashe nata ya lalace.

Tambayar da ta taso ita ce: me zai faru idan na'urar da ta lalace ba ta yi shiru ba, ta koma tana ba wannan amsa ɗaya tana ba wancan wata amsar dabam?

Shi da abokan aikinsa Marshall Pease da Robert Shostak sun buga amsar a 1980, sannan a 1982 suka sake gabatar da ita a cikin siffar labari. Wasu janar-janar na daular Rumawa ta Gabas, wato Bizantiya, sun kewaye wani birni, dole ne su yarda a kan kai hari ko ja da baya, alhali a cikinsu akwai maciya amana.

Sun tabbatar da cewa idan saƙonnin na baka ne, ba za a cim ma matsaya ba sai masu gaskiya sun haura kashi biyu bisa uku. Janar uku ba za su iya jure wa maci amana ɗaya ba, sai sun kai huɗu.

Sakamakon lissafin ɗaya ne a maƙalolin biyu, kuma ta 1980 ce ta sami lambar Dijkstra a 2005. Amma ta 1982 mai ɗauke da labarin ce ta fi yaɗuwa, har sunan Bizantiya ya zama sunan matsalar baki ɗaya. Ɓullowar kuɗaɗen intanet irin su Bitcoin daga 2008 ta ƙara jawo hankalin masu bincike gare ta.

Paxos: shekara takwas a ajiye

Labarin maƙalarsa ta Paxos ya fi kowanne nuna yadda tasiri ke iya jinkiri.

A wannan aiki Lamport ya samar da hanyar da rukunin kwamfutoci za su amince da shawara ɗaya muddin mafi rinjayensu suna aiki. Ya gabatar da ita a matsayin labarin wata majalisar dokoki ta zamanin da a tsibirin Paxos na ƙasar Girka, wadda wakilanta ke shiga suna fita yadda suka ga dama.

Ya miƙa ta ga mujalla a 1990. Masu tantancewa suka nemi ya cire labarin Girkawan, shi kuma ya ƙi, ya ajiye ta. Ba a buga ta ba sai a 1998. Da ya ga mutane suna kukan wahalar fahimtarta, ya sake rubuta bayaninta a sauƙaƙe a 2001.

Bayan haka ne manyan kamfanoni suka rungume ta. Google ya yi amfani da Paxos a tsarinsa na Chubby, wanda ya bayyana a 2006, da kuma rumbun bayanansa na Spanner, wanda ya bayyana a 2012. Duk wanda ya duba ƙidayar ambato a tsakiyar shekarun 1990 ba zai ga alamar wannan ba.

Sauran ayyukansa

A 1974 ya buga dabarar da ake kira ta gidan burodi, inda kowane aiki a cikin kwamfuta ke karɓar lamba ya jira a zo kansa, kamar yadda masu saye ke yi a kantin da ke da cunkoso.

A 1979 ya rubuta wata gajeruwar maƙala da ta fayyace sharaɗin da kwamfuta mai ƙwaƙwale da yawa za ta cika kafin a ce tana aiwatar da umarni daidai. A 1985 kuma shi da Mani Chandy suka nuna yadda za a ɗauki hoton halin da dukkan na'urori ke ciki ba tare da an dakatar da su ba, aikin da ya sami lambar Dijkstra a 2014.

Shi ne kuma ya ƙirƙiro LaTeX a farkon shekarun 1980, manhajar da masana lissafi da kimiyya a faɗin duniya ke tsara rubutunsu da ita, da kuma harshen TLA+ na tantance tsarin manhaja kafin a gina ta. Injiniyoyin Amazon sun ba da rahoto a 2015 cewa TLA+ ya taimaka musu gano kurakurai masu wuyar gani.

Yadda ake ƙidayar ambato

Idan mai bincike ya kafa hujja da aikin wani a cikin maƙalarsa, ana lissafa wannan a matsayin ambato ɗaya. Eugene Garfield ne ya fara tattara irin wannan ƙidaya a babban sikeli, da kundinsa na Science Citation Index a 1964.

Google Scholar ya fara aiki a 2004. Shekara guda bayan haka Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar California da ke San Diego, ya gabatar da ma'aunin h. Idan ma'aunin mutum ya kai 20, yana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

Jami'o'i da hukumomin ba da tallafin bincike a ƙasashe da dama suna duba waɗannan alƙaluma wajen ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma.

Abin da ƙidayar ba ta nunawa

Ayyukan Lamport sun fito da giɓi da dama a wannan ma'auni.

Na farko, ambato ba ya nufin an karanta. Lamport da kansa ya ce abin da ya fi ɗauka da muhimmanci a maƙalar 1978 shi ne hanyar sa kwamfutoci da yawa su bi jerin umarni ɗaya tamkar na'ura guda, amma da wuya ya haɗu da wanda ya lura cewa maƙalar ta yi magana a kan haka.

Na biyu, amfani ba ya zama ambato a kullum. Ɗimbin maƙalolin da ake rubutawa da LaTeX ba sa ambaton wanda ya ƙirƙiro ta, haka ma injiniyan da ya gina manhaja a kan Paxos ba lallai ne ya rubuta maƙala ba.

Na uku, ma'aunin h ba ya bambanta maƙalar da aka ambata sau ɗari da wadda aka ambata sau dubu goma, da zarar dukkansu sun haye iyakar.

Akwai kuma bambancin fannoni. Masana kwamfuta sun fi gabatar da sabon bincike a manyan tarurruka, alhali tsofaffin kundayen ƙidaya sun fi mai da hankali ga mujallu.

Irin waɗannan dalilai ne suka sa wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta buƙaci a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa, a daina dogaro da martabar mujallar da ta buga shi.

A nata ɓangaren, ƙungiyar ACM da ta ba Lamport lambar Turing ta danganta ta ne da ra'ayoyin da ya shigo da su fannin, waɗanda suka haɗa da agogon ƙidaya, da hanyar kwafa aiki ɗaya a kan na'urori da yawa, da sharuɗɗan tabbatar da ingancin manhaja.