Liyari: Tarihinsa da Yadda Ake Kimanta Darajarsa

Daga cikin tsofaffin kuɗaɗen azurfa da suka yi yawo a ƙasar Hausa da Barno, babu wanda ya kai liyari shahara, watau kuɗin nan mai ɗauke da hoton Sarauniya Maria Theresa ta ƙasar Ostiriya. An fara buga shi a shekarar 1741. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma da yake fatake sun riga sun amince da shi, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ta 1780 ba tare da an sake ta ba.

Dalilin amincewar kuwa shi ne ingancinsa bai sauya ba. Nauyin kowane ɗaya giram 28 ne da 'yan kai, kuma kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce zalla. An yi masa rubutu a gefe, saboda haka duk wanda ya kankare shi don satar azurfa, asirinsa zai tonu. Ta hanyar Tarabulus da Masar ya ƙetaro Sahara. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500.

A nan ne mai tara tsofaffin kuɗi ya kamata ya yi hattara. Mutane da yawa, in sun tsinci liyari a adakar kaka, sukan ɗauka cewa ya haura shekara ɗari biyu, alhali kuwa shekarar da ke jikinsa ba ta nuna ranar da aka buga shi. Italiya ta buga shi a Rum daga 1935 domin yaƙinta da Habasha. Ingila ma ta buga shi a Landan daga 1936, haka kuma an buga shi a Faris da Brussels da Bombay.

Bisa ga haka, daraja iri biyu ce gare shi. Ta farko ita ce ta azurfar da ke cikinsa, wadda ma'auni ke tabbatarwa. Ta biyu ita ce ta tarihi, kuma masana sukan gano ta ta wajen duba ƙananan alamu: siffar haruffa, da yawan duwatsun ado a kambin sarauniyar da maɓallin kafaɗarta, da irin rubutun gefe. Gogewa da toka ko yashi takan shafe waɗannan alamu, ta zubar da farashinsa.

Maƙeran farfaru sun narkar da liyari mai ɗimbin yawa sun yi mundaye da zobba da warwaro. Wanda ya tsira a hannun iyalai shaida ce ta cinikin Sahara, don haka kafin a miƙa shi ga maƙeri ko dillali, ya dace a auna shi, a rubuta gidan da ya fito da sunan wanda ya fara mallakarsa.