Sunan Sukari a Kan Gari da Waƙa da Fim: Abin da Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure Ya Nuna

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun sunayen da suka ƙunshi sukari ko rake ko daɗi, waɗanda gari da waƙa da fim suka yi tarayya a kansu, sannan ta auna su da yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano. Matsayinta shi ne, sunan sukari yana manne wa gari ne a inda kamfani ya mallaki ƙasa da ƙwadago ya kuma kafa garin da kansa, daga nan mawaƙa da masu fim suke ɗaukarsa. Inda gona ta zauna a hannun manomi, kamar a Kura da Bunkure, tsofaffin sunaye ne suke ɗorewa.

Gabatarwa da Bitar Ayyuka

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu sharhin waƙa da fim shi ne sukari kalmar soyayya ce, kowace al'umma kuma tana kiran abin ƙaunarta da abin da ya fi zaƙi a bakinta. Suna kafa hujja da waƙoƙi irin Sugar, Sugar ta ƙungiyar The Archies a 1969, ko Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976. Wannan ra'ayi ya ishe mu fahimtar waƙar soyayya, amma ya gaza da zarar an zo kan sunan gari, domin ba a raɗa wa gari suna don shauƙi. Mintz (1985) ya nuna yadda sukari ya tashi daga kayan marmarin sarakunan Turai ya zama abincin ma'aikatan Ingila, da kuma yadda gandayen bayi na tsibiran Karebiyan suka ɗauki nauyin wannan sauyi. A kan wannan harsashi maƙalar ta tsaya. Ta ɓangaren Kano, Wallace (1981) da Andrae da Beckman (1985) sun yi nazarin shirin noman rani na Kogin Kano ta fuskar ƙasa da alkama da rayuwar ƙaramin manomi, amma sunayen wurare ba su cikin abin da suka sa a gaba.

Hanyar Bincike

An tattara sunayen daga taswira da tarihin garuruwa da jerin fina-finai da faya-fayen da aka wallafa. An karkasa su gida uku: sunan da ya fito daga kamfani, sunan da ya fito daga masu sana'a, da sunan da ya fito daga fatan alheri.

Sunan da Kamfani Ya Raɗa

Misalin da ya fi fito da batun fili shi ne garin Sugar Land a jihar Teksas ta Amurka. Asalinsa gandun rake ne da bayi suka nome tun kafin yaƙin basasar ƙasar. Da aka haramta bauta, sai masu gandayen suka koma hayar fursunoni daga hukuma, mafi yawansu baƙar fata. Kamfanin Imperial Sugar ne ya riƙe garin, gidaje da shaguna da makaranta duk a ƙarƙashinsa suke, har zuwa 1959 da garin ya sami hukumar kansa. Mawaƙi Huddie Ledbetter, wanda aka fi sani da Lead Belly, ya yi zaman kaso a gandun fursunonin wannan wuri kafin a yi masa afuwa a 1925. A 1974 Steven Spielberg ya fitar da fim ɗinsa The Sugarland Express, labarin mace da mijinta da ya tsere daga kurkuku suna neman karɓo ɗansu. A 2002 wata ƙungiyar mawaƙa ta kafu a Atlanta da sunan Sugarland. Sai a 2018, wajen haƙa harsashin ginin makaranta a Sugar Land, aka tono ƙasusuwan mutum 95 da bincike ya danganta da zamanin hayar fursunoni. Wanda ya ji sunan a bakin mawaƙi zai ɗauka zaƙi ake nufi, alhali tarihin sunan tarihin mallaka ne. Bahaushe ya ce ba a shan zuma sai an sha harbi, sai dai a nan wasu ne suka sha harbin, wasu kuma suka gaji sunan.

Kura da Bunkure: Rake Ba Tare da Suna Ba

A nan ne babban sakamakon binciken yake. Shirin noman rani na Kogin Kano ya samo ruwansa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kashin farko kuma an tsara shi a kan hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Wannan babban sauyi ne ga fuskar ƙasa: an sare itatuwa, an baje gonaki, an ja hanyoyin ruwa, an kawo alkama da tumatir da shinkafa a kan sikelin da yankin bai saba gani ba. Rake ma yana cikin amfanin da ake samu a fadamun yankin, ana loda shi zuwa kasuwannin Kano. Duk da haka manyan garuruwan sun riƙe sunayensu: Kura, Bunkure, Kadawa, Ƙarfi, Gafan, Ɗan Hassan, Kosawa, Imawa, Butalawa. Babu ɗaya a cikinsu da ya koma amsa sunan rake ko sukari, kai ko na alkamar da gwamnati ta fi matsawa a kanta.

Dalilin yana cikin tsarin mallakar ƙasa. Hukuma ta karɓi gonaki ta gyara, sannan ta mayar wa masu su bayan ta cire abin da hanyoyin ruwa da tituna suka ci. Manomi ya sha wahalar kuɗin ruwa da taki da hayar tarakta, wasu sun jinginar da gonakinsu ga masu ƙarfi, amma garin bai zama mallakar wani kamfani ba. Hakimi da dagaci da mai unguwa suna nan, liman yana nan, maƙabartar kakanni tana nan. Wanda bai kafa gari ba, ba shi da bakin raɗa masa suna. Hatta masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, garin bai ɗauki sunanta ba. Haka kuma raken yankin bai bi ta babbar matata ba. Shansa ake yi gaɓa-gaɓa, inda kuma ake sarrafa shi a ƙasar Hausa, kamar a Maƙarfi, mazarƙwaila ake dafawa a ƙananan masana'antu na iyali, waɗanda ba su da ƙarfin kafa gari.

Inda rake ya sami suna a ƙasar Hausa, ta hannun mai sana'a ya same shi. Kasuwa tana da 'yan rake kamar yadda Kano take da 'Yan Lemo da 'Yan Katako. Sunan mutane yake nunawa da abin da suke sayarwa. Wannan tsari shi ne na lungun Sukkariyya da ke kusa da ƙofar Zuwaila a tsohon birnin Alƙahira, wanda ya sami sunansa daga masu sayar da sukari. Najib Mahfuz ya sa wa littafi na uku na jerin labarinsa na Alƙahira wannan suna a 1957, Hassan al-Imam kuma ya mai da shi fim a 1973. Birnin fatauci irin Alƙahira ya fi kusa da Kano a wannan al'ada fiye da garin gandu irin Sugar Land.

Amsa ga Masu Suka

Za a ce unguwar Sugar Hill ta Harlem a birnin Niyok ta rushe wannan matsayi, tunda ba a taɓa noma rake a can ba. An raɗa mata sunan a shekarun 1920 saboda jin daɗin baƙar fata masu hali da suka zauna cikinta, irin su Duke Ellington da W. E. B. Du Bois, daga gare ta kuma kamfanin faya-faye na Sugar Hill Records ya ɗauki suna, wanda ya fitar da Rapper's Delight ta Sugarhill Gang a 1979. Amsar ita ce sukari a can dukiya yake nufi, kuma ya sami wannan ma'ana ne a al'ummar da gandu ya riga ya haɗa sukari da arziki. Bahaushe da ya so bayyana irin wannan fata, kalmar daɗi ya ɗauko. Akwai garin Daɗin Kowa a Jihar Gombe, mai madatsar ruwa a kan Kogin Gongola, akwai unguwar Daɗin Kowa a Jos, sannan tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta sa wa ƙagaggen garin shahararren wasanta wannan suna. Ga gari da fim sun yi tarayya a suna ɗaya, amma abin da sunan ya ƙunsa shi ne wadatar da ta game jama'a.

Za a kuma ce Nijeriya tana da garuruwan sukari, wato Bacita a Jihar Kwara da Numan a Jihar Adamawa, kusa da kamfanin Savannah. Gaskiya ne, amma kamfanonin sun tarar da garuruwa masu suna da sarauta, kuma har yau da sunayensu na asali ake kiransu. Wannan ƙarin hujja ce ga matsayin maƙalar.

Iyakar Bincike

Binciken ya tsaya ne kan sunayen da suka shiga taswira da rubutu. Laƙabin gonaki da mashigai da ƙananan unguwanni, waɗanda ke bakin manoma kaɗai, aikin wani nazari ne na daban. Dutsen Zuma na Jihar Neja kuwa an bar shi da gangan, domin yana ƙasar Gwari da Koro, kamannin sauti kuma ba hujjar asali ba ne.

Kammalawa

Sunan da gari da waƙa da fim suka yi tarayya a kansa ya cancanci a bi shi zuwa tushe, a tambayi wanda ya raɗa shi da ikon da ya ba shi damar raɗawa. Tun da aka ƙaddamar da babban tsarin bunƙasa sukari na ƙasa a 2012, ana ware wa kamfanoni manyan filayen rake a jihohin Arewa. Ya kamata sassan nazarin Hausa da na labarin ƙasa a jami'o'inmu su rubuta sunayen ƙauyuka da fadamun waɗannan wurare tun yanzu, domin sauyin suna na daga cikin alamun da za su nuna hannun da ƙasa ta koma.