Ge-Lusak, mutumin da ya hau sama don ya auna iska

In kun sayi gishiri a kasuwa kuka ga an rubuta "iyodi" a jikin leda, to wanda ya raɗa wa abin nan suna shi ne za mu ba ku labarinsa yau. Bafaranshe ne. A rubutunsu sunansa Joseph Louis Gay-Lussac, amma a baki Ge-Lusak ake cewa, kuma haka za mu rubuta don sauƙin karatu. Ilimi biyu ya haɗa. Na farko Turawa na ce masa shimi, wato sanin abin da ke cikin kowane abu, da abin da ke faruwa in an gama wannan da wancan. Na biyu fizik, wato sanin halin zafi da sanyi da nauyi da iska.

An haife shi ran 6 ga watan Disamba 1778, a wani ƙaramin gari, San-Lewonar, kusa da birnin Limoj. Ubansa ma'aikacin shari'a ne na sarki, gidansu gidan rufin asiri. A 1789 talakawan Faransa suka tayar wa sarauta. A 1793 aka kashe sarkin, aka bi waɗanda suka yi masa aiki. Uban Ge-Lusak ya shiga gidan kaso, yaro yana da shekara 14. Allah ya sa aka sake shi a shekarar da ta biyo, ya tura ɗansa karatu birnin Pari. A 1797 yaron ya ci jarrabawar shiga wata babbar lakwal sabuwa, Politeknik. Can ba a tambayar ɗan wane ne kai, sai abin da ke cikin kanka.

Da ya gama, wani babban masani, Bertole, ya ɗauke shi yaron aiki. Bertolen nan shi ne tushen ruwan jabel da mata ke wanki da shi, ake kuma ɗigawa a ruwan sha lokacin annobar zawo da amai. A gidansa Ge-Lusak ya koyi abin da ya riƙe har mutuwarsa: kada ka ce komi sai ka auna, in ka auna ka sake aunawa.

Aikinsa na farko ya fito a 1802. Kowa ya san iska tana kumbura in ta ji zafi. Mai keke ya sani, shi ya sa ba ya cika taya tam ya bar ta a rana tsakar bazara. Amma kumburin nawa ne? Masana sun auna, kowa ya sami nasa lissafi daban. Ge-Lusak ya gano laifin: danshi ne ke saura cikin kwalabensu yana ɓata awo. Sai ya busar da kayansa sarai, ya auna iska iri-iri. Ya tarar duk kumburinsu ɗaya ne. In ka ɗauki awo 1000 na iska mai sanyin ƙanƙara, ka ɗumama ta har zafin tafasar ruwa, za ta zama awo 1375. Da kayan awo na yanzu 1366 ake samu, kun ga bai yi nisa ba. Da ya rubuta aikin, ya faɗa da kansa cewa wani dattijo, Sharl, ya riga shi lura da haka wajen shekara 15 baya, sai dai bai buga ba. Ba kowane saurayi mai neman suna zai yi haka ba.

A lokacin babu jirgin sama. Abin da ke akwai shi ne balo, wata ƙatuwar jaka ta alharini da ake cikawa da iska marar nauyi, idrojan, a ɗaura mata kwando a ƙasa mutum ya shiga. Ba ta da sitiyari, inda iska ta ga dama can take kai ka. Masana suna gardama a kan abu biyu: shin iskar can sama irin ta ƙasa ce? Shin allurar nan mai nuna arewa tana aiki a can? A watan Agusta 1804 Ge-Lusak ya hau da abokinsa Biyo, suka kai wajen metir 4000. Bai ƙoshi ba. Ran 16 ga Satumba ya sake hawa shi kaɗai, don balo ta rage nauyi. Ya kai metir 7016. Ku tuna dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, can cikin duwatsun Bagazam, metir 2022 ne. Ya ninka shi kusan sau uku da rabi.

Ya bar ƙasa ana zafi, a can sama ya tarar da sanyin da ya wuce na ƙanƙara da digiri 9. Numfashi ya yi masa wuya, zuciya tana bugawa da sauri, kai yana ciwo, maƙogwaro ya bushe. A haka yake duba ma'auni yana rubutawa da yatsu a sandare. Ya tafi da kwalabe da aka zuƙe iskar cikinsu, ya buɗe su a can suka cika, ya toshe. Da ya ga balo ta daina hawa, sai ya riƙa zubar da kaya. Ana ba da labari wai har kujerar icce ya jefo, ta faɗo kusa da wata yarinya mai kiwo. Mutanen ƙauyen suka taru, wasu suka ce daga Aljanna ta faɗo, wasu suka ce a'a, masassaƙan Aljanna ba za su yi sassaƙa mai muni haka ba. Bayan wajen awa shida ya sauka lafiya a jihar birnin Ruwan. Da ya auna iskar kwalabe, sai ya tarar haɗinta ɗaya da wadda muke shaƙa, ba ta dai da kauri. Allura kuma tana aikinta. Aka yi kusan shekara 50 ba a sami wanda ya kai inda ya kai ba.

A 1805, shi da wani Bajamushe mai yawon duniya, Humbolt, suka tabbatar ruwa haɗin iska biyu ne: awo 2 na idrojan, awo 1 na oksijan, ba ƙari ba ragi. Ya ci gaba da gwada wasu, a ƙarshen 1808 ya bayyana cewa haka dukkan iskoki ke haɗuwa, da lissafi mai sauƙi, kamar mai tuwo da ta san mudun gari kaza ruwa kaza yake ci. Awo 3 na idrojan da awo 1 na azot suna ba da awo 2 na amoniyak. Da amoniyak ɗin nan ake yin takin zamani fari da ake kira ire.

A shekarar nan ta 1808 ya kusa rasa idanunsa. Wani Ba'ingile, Debi, ya ciro wani baƙon ƙarfe daga gishirin toka, irin tokar da ake tacewa a sa a miya ko a yi sabulu. Sunansa potasiyom. Yana da taushi, wuƙa na yanka shi, amma in ya taɓa ruwa sai ya kama da wuta. Ge-Lusak da abokin aikinsa Tenar suka sami dabarar yin sa da yawa, da jan ƙarfe daga wuta. Wata rana abin ya fashe masa a fuska. Ya yi makonni ba ya gani. Ya warke, amma idanun ba su koma kamar da ba. A wannan zamani ne ya yi aure. Yarinyar ma'aikaciya ce a kantin yadi. Ya shiga kantin ya tarar tana karatun littafin shimi a ɓoye in babu mai saye. Suka haifi ɗiya biyar.

Yanzu mu dawo ga gishirinmu. Faransa tana yaƙi da Ingila, sarki Napoliyon yana bukatar albarushi. Akwai wani mai sana'a a Pari, Kurtuwa, yana yin salpetir, farin gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Da tokar ciyawar teku yake aiki. A 1811, ran nan ya zuba wa ruwan tokar asid fiye da kima, sai ga wani hayaƙi shunayya ya tashi, ya daskare ya zama ƙwayoyi baƙaƙe masu ƙyalli. Kurtuwa ba shi da kuɗi ko lokacin bincike, sai ya rarraba wa masana. A ƙarshen 1813 Debi ya zo Pari, Napoliyon ya ba shi izini duk da yaƙin. Wani ya ɗan ba shi kaɗan daga ƙwayoyin. Da Ge-Lusak ya ji, hankalinsa ya tashi: abu na Faransa, baƙo ya zo ya riga su? Ya duƙufa dare da rana. Cikin watan Disamba, tsakanin ƴan kwanaki, kowannensu ya bayyana cewa wannan asalin abu ne mai zaman kansa, ba haɗi ba ne. Suka yi ta jayayya a kan wa ya riga. Mu dai a ganinmu babu wanda ya saci wani, kishi ne ya sa aikin ya yi sauri. Ge-Lusak ya ciro suna daga kalmar Girkanci mai nufin shunayya, ya ce iyod. Shi ne iyodi, a Najeriya aidin suke cewa. A 1814 ya buga dogon bayani a kan halinsa duka.

Shi bai san abin zai zama magani ba. A 1820 wani likita a birnin Janeba, Kwande, ya fara ba masu maƙoƙo iyodi, kumburin ya riƙa sacewa. Daga baya aka gane rashinsa cikin abinci ne ke kawo maƙoƙo, kuma in mace mai ciki ta rasa shi, ƙwaƙwalwar jinjiri tana tauyewa. Abin da jiki ke so ƙanƙane ne ƙwarai, amma kullum. Shi ya sa ake sa shi cikin gishiri, ƙasar Suwis ta fara a 1922. Ƙasashe masu nisa da teku irin tamu su suka fi bukata. Kurtuwa kuwa ya mutu a 1838 da talauci.

Daga shekarunsa na arba'in Ge-Lusak ya juya ga masana'antu. Ya ƙera ma'aunin ƙarfin jabel da na alkol. In kun ga 70 ko 90 a kwalbar alkol ta likita, irin lissafinsa ne. A 1825 shi da masani Shebrel suka yi rajistar dabarar yin kyandir mai tauri daga kitse, amma cinikin bai yi ba, wasu ne suka ci ribarsa daga baya. A 1829 aka ba shi aikin gwada azurfa a gidan buga kuɗi na Pari. Da can da wuta ake gwadawa, kamar maƙeranmu na fari, kuma kullum azurfa kaɗan tana ɓacewa cikin gwajin. Shi sai ya narkar da ita cikin asid, ya riƙa ɗiga ruwan gishiri wanda aka san ƙarfinsa. Duk ɗigo ruwan ya yi fari kamar nono. In ya daina yin fari azurfa ta ƙare, sai a lissafa gishirin da ya shiga a san nauyinta. Masu ilimi suka fara gunaguni, wai ya tara muƙamai da albashi ya bar ilimi tsantsa. Akwai gaskiya a ciki, ya yi arziki. Amma wanda ya ga gidansu ya girgiza yana ɗan shekara 14, ba a yi mamaki ba in ya ƙi wasa da abin hannunsa.

Babban aikinsa a masana'anta shi ne hasumiya. Asid ɗin da ke cikin batirin mota, da shi kuma ake narka dutsen fosfat a yi takin supa, daga farar wuta ake yin sa. A zamanin ana ƙona farar wuta, hayaƙinta ya shiga manyan ɗakuna masu bangon darma, tare da tururi da wani jan hayaƙi da ake samu daga salpetir. Jan hayaƙin nan kamar dillali ne: yana haɗa hayaƙin farar wuta da oksijan, shi ba ya shiga cikin kayan. Ya kamata a yi ta aiki da shi, amma sai ya fice ta bututu. Kuɗi suna tafiya sama, maƙwabta suna tari, itatuwa suna ƙonewa. A 1827 Ge-Lusak ya ce a gina doguwar hasumiya a bayan ɗakunan, a cika ta da gawayin kwal, a riƙa tsiyayo asid mai ƙarfi daga sama. Hayaƙi yana hawa, asid yana sauka, ya kama dillalin kafin ya tsere.

Dabara ta yi kyau, amma masu masana'antu suka ƙi. Dalili, in za a ƙwato jan hayaƙin daga asid sai an surka da ruwa, sannan a sake dafa asid ɗin ya yi ƙarfi, ga tsadar makamashi. Sai 1842 aka gina ta farko, a garin Shoni, a masana'antar kamfanin Saint-Gobain, inda shi kansa yake cikin shugabanni. Shekara 15 takarda tana kwance.

An zaɓe shi ɗan majalisa a 1831, sarki Luwi-Filip ya sa shi cikin majalisar manya a 1839. Ya rasu a Pari ran 9 ga watan Mayu 1850, yana da shekara 71, hasumiyarsa ba ta yaɗu ba tukuna. Shekara 9 bayan mutuwarsa, a 1859, wani Ba'ingile, Gulobar, ya gina wata hasumiya ta biyu a gaban ɗakunan, inda zafin hayaƙin farar wuta da kansa ke ƙwato jan hayaƙin, ba sai an ƙara wuta ba. Da salpetir ya yi tsada wajen 1870, masu masana'antu suka ruga suna gina su biyun tare. Da su aka yi ta yin asid a Turai da Amurka shekaru da yawa, har aka sami wata hanya sabuwa aka bar ɗakunan darma.