Ƙotar Winchester: Wadda Ake Kankarewa da Wadda Ake Bari

A watan Nuwamba na 2014, masu binciken kayan tarihi a gandun dajin Great Basin da ke jihar Nevada ta Amurka suka ci karo da wata bindiga a jingine jikin bishiyar junifa. Ƙarfenta ya yi tsatsa, ƙotarta ta koɗe ta tsattsage har ta saje da ɓawon itacen, gindinta kuma ya ɗan nutse cikin ƙasa. Lambar jikinta ta nuna Winchester ce samfurin 1873, ƙirar shekarar 1882, lokacin da ake sayar da irinta dala 25. Wani ne ya jingine ta ya yi gaba, bai sake waiwayarta ba.

Abin da ya bambanta irin wannan bindiga shi ne hannun ƙarfen da ke zagaye da kunama. A danna shi ƙasa, kwankon harsashi ya yi tsalle ya fita. A dawo da shi sama, sabo ya shige, bindiga ta ɗanu. Benjamin Tyler Henry ne ya yi rajistar wannan ƙira a 1860, zamanin da yawancin sojoji ke ɗura albarushi ta baki kamar mai adaka. Tasa tana cin harsashi 15, shi ya sa a yaƙin basasar Amurka wasu sojojin Arewa suka riƙa saye da kuɗin aljihunsu. Sai dai ba ta da katako a gaba, in aka yi harbi da yawa bututun kan ƙona hannu. Mai kamfanin da ke ƙera ta, Oliver Winchester, wanda asalin sana'arsa ɗinka riguna ce a New Haven, ya fito da samfurin 1866 da mariƙin katako a ƙarƙashin bututu. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta sayi dubbai, kuma da su sojojin Usman Pasha suka yi wa Rashawa ɓarna a Plevna a 1877.

Amma wadda ta zama ta maharba ita ce samfurin 1894, ƙirar John Browning na garin Ogden. Shekara guda da fitowarta aka haɗa ta da harsashin .30-30 mai albarushi marar hayaƙi. Ga ta gajera, ga rashin nauyi, ba ta sarƙewa a kurmi, sai ta zama bindigar barewa ta manomi da mai saran itace. An ƙera fiye da miliyan bakwai. Ta cikon miliyan ɗaya Shugaba Calvin Coolidge aka bai wa a 1927.

Duk mai neman ta hannu a shagon jingina ko kasuwar bindigogi ta ƙarshen mako, tambayarsa ta farko ita ce: kafin 1964 ko bayanta? A wannan shekara kamfanin ya rage tsadar aiki, ya maye wasu sassan da ake sassaƙawa daga dunƙulen ƙarfe da na bugun inji, masu saye kuwa har yau ba su huce ba. Masana'antar New Haven ta rufe a 2006, yanzu kamfanin Miroku na Japan ke ƙera samfurin. Kishiyarta, Marlin 336 da ta fito a 1948, ita ma tana da nata ma'auni: ana duba tambarin JM a jikin bututu, alamar an yi ta tun kafin a kwashe aikin daga Connecticut bayan Remington ya sayi kamfanin Marlin a 2007.

Bayan an gama ciniki sai ido ya koma kan katako. Na ƙwarai baƙin walnat ne na Amurka, mai nauyi da ƙarko. Masu araha, irin Glenfield da Marlin ya riƙa yi wa manyan kantuna, farin itace ne aka rina, kuma mutane da yawa ba sa ganewa sai sun kankare sun ga fari fat, ga shi ba ya shan rini bai ɗaya.

Gyaran tsohuwar ƙota aiki ne na haƙuri, yawanci a gareji cikin hunturu bayan an rufe lokacin farauta. Ana kwance ƙotar, a shafa maganin cire tsohon banish, a kankare a hankali. Inda katakon ya loɓa ba tare da ya yanke ba, ana ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna dutsen guga mai zafi. Tururi ya shiga, wurin ya kumburo ya dawo daidai. Wuyan ƙota kan yi baƙi ƙirin, domin shekara da shekaru bindigar na tsaye a lungu baki sama, man da aka zuba wa ƙarfe yana gangarowa katako na sha har ya yi laushi. Maganinsa garin alli da aka kwaɓa da asiton: a shafa, a bari ya bushe, ya tsotso man, a karkaɗe, a maimaita.

Samfefa ce ke tona asirin sabon shiga. Daga masana'anta katakon yakan ɗan ɗara ƙarfe tudu a mahaɗarsu. Mai gaggawa zai goge gefen har ya koma ƙasa da ƙarfe, kusurwoyi su daƙushe, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ƙwararru kan naɗa samfefar a ɗan katako, su bi tsawon itacen, su kauce wa gefe. Sannan a yayyafa ruwa gashin itacen ya miƙe, a share shi, kafin a zo kan mai. Dafaffen man linsid ne na gargajiya, wasu kuma Tru-Oil na kamfanin Birchwood Casey suke so don saurin bushewa. Ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har katakon ya yi ɗumi, a ajiye sai gobe. Haka za a yi ta yi, wani lokaci har makonni.

Masu tara tsofaffin bindigogi kuwa ba sa son jin zancen. A wurinsu tsohon banish na masana'anta, ko ya goge ko ya tsage, ya fi sabon sheƙi daraja, kuma kankare Winchester ta kafin 1964 zubar da kuɗi ne. Suna da gaskiyarsu, ko da yake bindigar kanti da ruwan sama ya riga ya cinye wa fuska ba ta da abin da za ta rasa.

Ta Nevada dai babu wanda ya kai mata samfefa. An aika ta gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wyoming, aka shafa wa katakon wani siririn gam don kada ya ci gaba da ɓarewa, aka bar shi da furfurarsa. Da aka ɗauke ta hoton eksire, sai ga harsashi guda da ba a harba ba, ɓoye cikin ramin gindin ƙotar. An mayar da ita Great Basin tana cikin gilashi, bishiyar da ta jingina da ita kuwa gobarar daji ta cinye ta a 2016.