Wa Ke Riƙe da Makulli? Nazari kan Iko a Ƙungiyoyin DAO

A ranar 30 ga Afrilun 2016 wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Slock.it ya ɗora wata manhaja a kan kundin bulokcen na Ethereum, aka raɗa mata suna The DAO. Asusun zuba jari ne wanda ba shi da manaja, ba shi da ofis, kuma ba a yi masa rajista a kowace ƙasa ba. Duk wanda ya tura kuɗin Ether sai manhajar ta ba shi tokin, tokin ɗin kuma shi ne ƙuri'arsa wajen zaɓen ayyukan da za a zuba wa kuɗi. Cikin kwana 28 mutane sama da dubu 11 suka tara Ether kusan miliyan 12, wato kimanin dala miliyan 150 a farashin wancan lokaci. Asusun bai cika wata uku ba ya rushe.

Tun daga lokacin an kafa ɗimbin ƙungiyoyi irin wannan, waɗanda ake kira DAO, kuma alƙawarinsu bai sauya ba: za a rubuta dokokin ƙungiya a cikin manhaja, manhajar ta riƙe baitulmali, 'yan ƙungiya su kaɗa ƙuri'a, abin da ya yi rinjaye ya zartu da kansa ba tare da sa hannun wani shugaba ba. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa alƙawarin ya fi ƙarfin manhaja. Kowace DAO tana da masu iko na jini da tsoka, kuma ingancinta ya rataya ne a kan ko ta bayyana su ta kafa musu iyaka, ko kuwa ta bar su a ɓoye har sai ranar da rikici ya tona su.

Abin da ya kashe The DAO kuskure ne na jerin aiki. An tanadi hanyar da mai hannun jari zai bi ya fice da rabonsa idan bai gamsu da inda aka dosa ba. Sai dai yadda aka rubuta wannan sashe, manhajar tana fara tura wa mutum kuɗinsa, daga baya ta rage adadin a lissafinsa. Wani wanda ya karanta rubutun da idon basira ya haɗa tasa manhajar, wadda da zarar kuɗi ya shigo mata sai ta sake neman a biya ta tun kafin a kai ga layin ragewa. The DAO ta duba lissafi, ta ga har yanzu yana bin ta, ta sake biya. Haka aka yi ta zagayawa a ranar 17 ga Yunin 2016 har Ether kusan miliyan 3.6 suka fita, wajen kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Dubban mutane suna kallon kuɗin yana tsiyayewa a allon kwamfutocinsu, domin komai na bulokcen a fili yake, amma babu mai maɓallin da zai danna ya tsayar. Abin da ya ba da sarari kawai shi ne wani sharaɗi da ya kulle kuɗin da aka fitar na kusan mako huɗu kafin a iya taɓa shi.

A cikin waɗannan makonni aka yi muhawarar da har yau ba ta mutu ba. Sharuɗɗan The DAO sun nuna cewa abin da ke rubuce a manhaja shi ne yarjejeniya, duk wani bayani na fatar baki ba ya gaba da shi. In haka ne, ashe mutumin bai karya doka ba, ya yi abin da manhajar ta ƙyale ne. In kuwa an ce sata ya yi, to an yarda ke nan akwai wata yarjejeniya a zukatan mutane wadda ta fi ta manhajar ƙarfi, kuma dole a samu wanda zai fassara ta. Manyan masu rubuta manhajar Ethereum, ciki har da Vitalik Buterin, suka karkata ga mayar wa mutane kuɗinsu. Aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, kashi 87 cikin 100 suka amince, amma Ether ɗin da aka kaɗa ƙuri'ar da shi bai kai kashi 10 cikin 100 na wanda ke hannun jama'a ba. Ranar 20 ga Yuli, a tubali na 1,920,000, aka sauya ƙa'idar kundin, aka kwashe kuɗin zuwa asusun mayarwa. Waɗanda suka ƙi suka ci gaba da tsohon kundin, shi ne ake kira Ethereum Classic a yau.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da The DAO ta shiga uku, an ga waɗanda maganarsu ke da nauyi: masu rubuta manhaja, masu haƙar kuɗin, da kasuwannin musayar kirifto. Babu ɗayansu da aka ambata a tsarin ƙungiyar a matsayin mai yanke hukunci, babu wanda 'yan ƙungiyar suka zaɓa, babu kuma hanyar ɗaukaka ƙara a kan abin da suka yanke. A ganina hukuncin mayar da kuɗin daidai ne. Abin dubawa shi ne an yanke shi ne a wajen duk wata ƙa'ida da aka sanar da masu zuba jari tun farko.

Masana tattalin arziki sun riga masu bulokcen sanin wannan matsala. A watan Oktoban 2016 aka ba Oliver Hart da Bengt Holmström kyautar Nobel saboda aikinsu kan yarjejeniyoyi. Jigon gudummawar Hart shi ne cewa babu yarjejeniyar da za ta hango duk abin da zai faru, don haka tambaya mafi muhimmanci a kowace ƙungiya ita ce wa ke da ta cewa a kan abin da ba a rubuta ba. Manhaja ma yarjejeniya ce, kuma gibinta ya fi na takarda haɗari, domin takarda tana jiran alƙali ya karanta ta, manhaja kuwa tana zartar da kuskurenta nan take.

Ƙungiyoyin da suka biyo baya sun ɗauki darasi ta fuskar fasaha. Ana biyan kamfanoni su binciki manhaja kafin a sake ta, ana ba da lada ga wanda ya gano ɓaraka. Inda aka fi samun rauni yanzu shi ne ƙuri'ar kanta. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne tokin ɗaya ƙuri'a ɗaya, tokin kuwa haja ce da ake saye a kasuwa. Wani bincike da kamfanin Chainalysis ya fitar a 2022 kan manyan DAO guda 10 ya nuna cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu tokin ne ke riƙe da kashi 90 na ƙarfin ƙuri'a. Ƙaramin mai tokin ya san ƙuri'arsa ba za ta sauya komai ba, ga shi shawarwarin cike suke da bayanan fasaha, wani lokacin ma sai ya biya kuɗin caji kafin ya kaɗa, saboda haka sai ya kama gabansa. Buterin da kansa ya yi dogon rubutu a 2021 yana kira da a wuce wannan tsari.

Abin da ya sami wata DAO mai suna Beanstalk a Afrilun 2022 ya nuna iyakar inda wannan rauni zai kai. Ƙa'idar ƙungiyar ta ce idan shawara ta kwana ɗaya da gabatarwa, kuma ta samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, ana iya zartar da ita nan take a matsayin ta gaggawa. Wani ya gabatar da shawarar da ke ɗauke da umarnin a tura masa dukiyar asusun, ya jira kwana ɗaya. Ranar 17 ga wata ya ci irin bashin nan na ƙiftawar ido, wanda ake karɓa ba jingina muddin za a biya a cikin mu'amala guda, na kusan dala biliyan 1. Da kuɗin ya mallaki rinjayen ƙuri'u, ya amince da shawarar kansa, ya kwashe kadarori na kimanin dala miliyan 182, ya biya bashin, ya tafi da ribar da ta kusa dala miliyan 80. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi. Bai fasa ƙofa ba, zaɓe ya ci bisa ƙa'ida. Wanda ya zama mai rinjaye na ɗan lokacin da bai isa a sha ruwa ba ya yanke wa waɗanda suka yi watanni suna tara dukiyar hukunci.

Maganin da aka saba bayarwa shi ne jinkiri: a sa tazarar kwanaki tsakanin amincewa da zartarwa, domin jama'a su farga. Amma jinkirin yana da nasa farashi. A ƙarshen Satumban 2021 wani gyara da masu tokin na wata DAO mai suna Compound suka amince da shi ya zo da kuskure, manhajar ta shiga raba wa wasu mutane tokin na gomman miliyoyin daloli da ba su cancanta ba. An gano matsalar da wuri, amma babu mai ikon tsayar da ita, sai an bi matakan ƙuri'a na kwana bakwai. Wanda ya kafa kamfanin, Robert Leshner, ya koma roƙon waɗanda suka samu kuɗin su dawo da shi. Saboda irin wannan ne DAO da yawa a yau suke da ƙaramin kwamiti mai riƙe da makullan gaggawa, inda sai mutum kaza daga cikin kaza sun sa hannu kafin a dakatar da manhaja ko a motsa kuɗi. Wannan majalisar amintattu ce, ko da an sa mata wani suna.

Mai kare tsarin zai ce duk da haka an samu ci gaba, kuma yana da hujja. Baitulmalin DAO a buɗe yake, kowa na iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, abin da mai ƙaramin hannun jari a kamfani ba ya samu sai an fitar da rahoton kuɗi. MakerDAO ta tsallake faɗuwar kasuwa ta 12 ga Maris 2020, lokacin da cunkoso ya sa wasu suka saye kadarorin jingina na miliyoyin daloli a gwanjo ba su biya ko sisi ba. Masu tokin suka amince a ƙirƙiri sabon tokin a sayar a cike gibin, wato suka ɗauki asarar a kansu. MolochDAO kuma ta zo da wata dabara a 2019: wanda bai goyi bayan wata shawara ba yana da damar ficewa da rabonsa kafin a zartar da ita, don haka masu rinjaye ba za su kashe kuɗin marasa rinjaye da ƙarfin tsiya ba. Har ma abin da ya faru a Arbitrum a 2023 ana iya karanta shi ta fuska biyu. Gidauniyar da ke bayan ƙungiyar ta nemi a amince mata da tokin miliyan 750, sai aka gano ta riga ta fara sayar da wani ɓangare tun ba a gama ƙuri'a ba. Abin kunya ne, amma buɗaɗɗen kundin ne ya tona shi, kuma boren masu tokin ya tilasta mata ja da baya.

Sai dai duk waɗannan nasarori na mutane ne da suka yi amfani da kayan aiki mai kyau. Babu ɗaya da manhaja ta yi ita kaɗai. Matan da ke zubin adashi sun san uwar adashi ce ke riƙe da kuɗi, sun san ƙofar gidanta, sun san wanda za a kai wa ƙara idan kwasa ta zo ta yi nuƙu-nuƙu. Mai tokin a DAO sau da yawa an gaya masa babu uwar adashi, alhali tana nan, sunanta da gidanta ne kawai bai sani ba.

Hukumomi ma ba su karɓi zancen babu mai alhaki ba. A Yulin 2017 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta bayyana cewa tokin na The DAO hannun jari ne da dokokinta suka shafa. A 2022 hukumar kula da cinikin hajoji ta ƙasar ta maka Ooki DAO a kotu, bayan waɗanda suka kafa dandalin sun miƙa ikonsa ga masu tokin suna tallata cewa hakan zai sa hukuma ta rasa wanda za ta kama. An aika sammaci ta akwatin hira na shafin ƙungiyar, babu wanda ya je kare ta, kuma a Yunin 2023 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ci ta tarar sama da dala dubu 640, ta ba da umarnin rufe shafin. Matsayin hukumar shi ne waɗanda suka kaɗa ƙuri'a su ne 'yan ƙungiyar. Ƙungiyar da ba ta da rajista kuwa ba ta da katangar da ke raba bashinta da aljihun mambobinta. Wannan ne ya sa jihar Wayomin ta yi doka a 2021 da ke ba DAO damar rajista a matsayin kamfani mai iyakantaccen alhaki, ta ƙara wata a 2024 domin waɗanda ba na neman riba ba. Rajistar tana buƙatar wakili mai adireshi a jihar, wato mutum ko kamfani da za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Saboda haka aikin mai gina DAO ya fi na marubucin manhaja faɗi. Aikin mai tsara kundin mulki ne. Elinor Ostrom, wadda ta yi nazarin yadda al'ummomi ke kula da dazuzzuka da ruwan noma da wuraren kamun kifi na tarayya, ta nuna a littafinta na 1990 cewa waɗanda suka ɗore suna da iyaka bayyananna ta wanda ke ciki, da masu sa ido da ke ƙarƙashin jama'a, da hanya mai sauƙi ta sasanta rikici. Na ƙarshen nan shi ne abin da yawancin DAO suka bari a baya, domin sun ɗauka manhaja ta hana rikici tasowa. Wanda zai kafa irin wannan ƙungiya ya rubuta tun ranar farko su wa ke riƙe da makullan gaggawa, me aka yarda su yi da su, yaushe wa'adinsu zai ƙare, kuma ta wace hanya za a tsige su. Wanda kuma ake tallata wa tokin da sunan zai zama mai faɗa a ji, ya nemi a nuna masa waɗannan amsoshi a rubuce. Idan aka ce masa ai babu kowa, manhaja ce ke komai, to ya riƙe kuɗinsa.