Komawa Ƙuruciya a Majigi: Tarihin Wata Dariya

A cikin finafinan barkwanci na Amurka akwai wani reshe da ya daɗe yana toho, wato labarin babban mutum da ya wayi gari ya tsinci kansa cikin shekarun samartaka. Mai kallo yakan ɗauke shi abin nishaɗi kawai. Amma wanda ya bi sawunsa zai tarar cewa sai da al'umma ta ware wa matasa duniyarsu daban, sannan manya suka fara marmarin komawa cikinta.

Tushen labarin yana Ingila. A 1882 marubuci F. Anstey ya wallafa littafin Vice Versa, inda wani ɗan kasuwar Landan, Paul Bultitude, ya cika wa ɗansa Dick baki cewa babu kwanaki masu daɗi kamar na makaranta. Wani dutsen tsafi da aka kawo daga Indiya ya musanya musu kamanni, uban ya tafi makarantar kwana ya sha wahala da wulaƙanci. A wannan zamani komawa yarinta horo ne ga uban da ya manta wuyar da ya sha.

Abin da ya sauya ma'anar labarin ya faru ne a Amurka. A 1910 ƙasa da kashi 10 cikin 100 na matasan ƙasar ke kammala sakandare, amma zuwa 1940 adadin ya kai kusan rabi. Makaranta ta tara sa'o'in juna wuri ɗaya, suka samu tufafinsu da kiɗansu da wasanninsu, har aka kafa musu mujallar Seventeen a 1944. Daga nan shekarun sakandare suka zama gadon da kusan kowa ya tarar, kuma aka fara ɗaukarsu a matsayin mararrabar da mutum ke zaɓen abokin zama da hanyar abinci.

Waɗanda suka yi samartaka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kai tsakiyar rayuwa a shekarun 1980, lokacin da mutuwar aure ta yawaita ƙwarai a Amurka. Ba mamaki a wannan tsakani reshen ya fi yin 'ya'ya. A 1986 Francis Ford Coppola ya fitar da Peggy Sue Got Married, labarin matar da aurenta ke gab da mutuwa, ta suma a taron tsofaffin ɗalibai, ta farfaɗo a 1960 tana 'yar makaranta da hankalin babbar mace. A 1988 George Burns ya fito a 18 Again a matsayin tsohon da ya shiga jikin jikansa. Sai 2009, inda 17 Again ya mai da magidanci mai shekara 37, wanda Matthew Perry ya taka, saurayi a siffar Zac Efron, ya zauna makaranta ɗaya da 'ya'yansa. Koriya ta Kudu ma ta ari wannan labari ta yi shiri mai dogon zango a 2020.

Dariyar tana fitowa ne daga saɓanin jiki da hankali: fuskar yaro tana yi wa sa'o'inta faɗan iyaye. Sai dai ƙarshen finafinan ya fi dariyar nauyi. Peggy Sue ta san duk ɓacin ran da ke jiranta, amma ta sake zaɓen Charlie, domin in babu shi babu 'ya'yanta. Jarumin 17 Again ya sake barin filin ƙwallon kwando ya bi matarsa, kamar yadda ya yi shekara 20 da suka wuce. An buɗe musu ƙofar gyara, suka leƙa, suka dawo.

Hausawa na cewa da na sani ƙeya ce. Waɗannan finafinai sun ba mutum damar juyawa ya dubi ƙeyarsa, ya ga cewa abin da yake kira kuskure shi ne ya haifar masa da waɗanda yake ƙauna. A hannun Anstey labarin ya koya wa uba tausayin ɗansa. Bayan ƙarni ɗaya, ya koma koya wa babba yadda zai yafe wa yaron da ya taɓa zama.